Agogon Malam Magaji

Tun bayan rasuwar Malam Magaji, agogunan kwamfutocin shagonsa da ke bakin kasuwar Jega suka ƙi zama lafiya. Hidaya, 'yarsa da ta gaji shagon, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da safe ta daidaita su da wayarta. Kafin rana ta take, ta ɗaga kai ta tarar duk sun yi gaba, kuma tare, kamar sun haɗa baki. Ba tazara ce mai yawa ba, gwargwadon abin da zai ishi mutum ya yi alwala ya taka zuwa masallaci.

Wannan tazara kuwa kowa a shagon ya santa. Haka marigayin yake tura agogon hannunsa gaba duk rayuwarsa, don kada ya rasa sahun farko. Da lokacin salla ya yi a agogonsa sai ya tafa hannu, ko wasiƙar wa ake bugawa a bar ta.

Luba, mai buga takardu, wadda ta girmi Hidaya nesa ba kusa ba, ita ta fara faɗa a fili. "Ɗiyata, ruwa ba shi tsami banza. Malam na. Bai saki shagon ga ba."

"Haba Inna Luba, mi kika hwaɗi haka? Wanda yat tahi ya tahi."

Bakinta ne ya faɗa. Amma duk lokacin da lambobin nan suka yi tsalle a gindin allo, sai tsigar jikinta ta tashi, ta ji kamar ana tsaye a bayanta ana jira ta miƙe. Tsoro take ji, kuma ba ta son tsoron ya tafi, don shi kaɗai ya rage mata na uban.

Ranar da ya rasu tana Aliero. Aka kira ta aka ce jikin Baba ya motsa, ta ɗauka zazzaɓin da ya saba ne. Ta tsaya a tasha tana zaɓar masa albasa mai kyau, har motar da ta cika ta tashi ta bar ta. Da ta iso ƙofar gida, bayan mutane kawai ta hango suna shan kwana da makara. Ko fuskarsa ba ta gani ba. Da-na-sani ƙeya ce, ita kuwa tata ta yi mata nauyi, shi ya sa ta kulle ɗan ofishinsa da ke ƙuryar shagon ta jefa makullin a jaka.

To, da lokacin rajistar jarrabawa ya zo sai abin ya wuce hira. Shafin rajista ba ya karɓar kwamfutar da agogonta ya saɓa, da an shiga sai ya koro mutum. Ɗalibai daga Fagada da Maiyama suka cika benci, suka gaji, suka fara zamewa zuwa shagon gaba. Hidaya ta ga in aka ƙara kwana biyu a haka, shagon ma zai bi mai shi. Ta kira Haidar, mai gyaran kwamfuta daga Aliero.

Haidar ya zauna ya daddanna, ya koma ta biyu, ya koma ta uku, sannan ya bi wata shuɗiyar waya da ido har inda ta shige ƙarƙashin ƙofar da ke kulle.

"Malama, wa ad da makullin ɗakin ga?"

"Ni ad da shi. Babu kowa ciki."

"Akwai kwamfuta, kuma tana aiki. Ita ta uwa. Duk waɗanga gare ta suka tambayar lokaci, ko kin gyara su sai sun koma sun tambaye ta."

Ta ciro makullin daga jaka ta buɗe. Ƙamshin turarensa ne ya fara tarbarta. Hularsa na kan kujera, butarsa ta bushe a lungu. A ƙarƙashin tebur wata tsohuwar kwamfuta na ta gurnani a hankali, 'yar koriyar fitilarta na ƙiftawa. Wutar sola ce ke riƙe da ita, ba ta taɓa mutuwa ba. Luba ta leƙo daga baya tana salati.

Haidar ya kunna allo ya duba. "Da gangan anka tura ta gaba. In na maishe ta daidai, in sa ta riƙa ɗaukar lokaci ga intanet, shi ke nan, ba su ƙara tsalle." Ya kai hannu ga linzamin kwamfutar.

"Dakata," in ji Hidaya.

Ta ji hayaniyar ɗalibai a waje, wani na cewa su tafi kawai. Ta san da an danna, babu sauran mai tsayawa a bayanta da rana. Ta ɗauke hular ta riƙe, ta zauna a kujerarsa.

"Gwada mani wurin. Ni za ni yi."

Ya nuna mata, ta danna. Lambobin suka ja da baya. Daga waje Luba ta ce tata ma ta koma, ta kusa da ita ma ta koma, shafin ya buɗe. Haidar ya fita wurin ɗalibai ya ja mata ƙofa.

Hidaya ta zuba wa allon ido. Mintocin da suka riga suka wuce sun dawo, ga su nan a gabanta za a sake yin su, daidai waɗanda ta yi ta roƙo a mayar mata tun ranar da motar ta bar ta a tasha. Ta zauna ta jira a cikinsu da hula a cinya, ba ta ko motsa ba, har suka ƙare. Ba wanda ya shigo.