Furen Gidan Kumandan

Tun da ciwon ido ya raba Manu da tuƙi, zama ya gagare shi. Shekara goma sha ɗaya yana jan babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi, yau ga shi a Jibiya, daga zaure sai tsakar gida. Da ya ji ƙugin mota daga wajen kwastan sai ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya komo.

Wata safiya ya ɗauki fartanya ya hau saran ƙasa a gindin katanga.

"Malam, mi za ka shuka nan?" in ji matarsa Barira.

"Fure. Mai launin shunayya, irin wanda ya lulluɓe katangar gidan kumandan a Maraɗi."

"Ana cin shi?"

"Kallo ake yi."

Ta ce in dai shunayya ce, ga tumfafiya nan bayan gari ba mai so. Ya ce tumfafiya ta kufai ce. Ta kawo zancen sansami, ya ce wannan ai itace ne, kafin ya yi fure idon ya ida rufewa. 

Kullum sai ya tafi kan iyaka, inda motoci ke jiran a duba takardu, yana bin direbobi da saƙo. Wani ya yi masa dariya, wani ya kawo masa duman kada. Sai a mako na uku Ummaru, tsohon abokin aikinsa, ya roƙi mai ban ruwan gidan kumandan ya yanko masa rassa uku masu ƙaya, ya naɗo su cikin jiƙaƙƙen buhu.

Manu ya dasa su. Washegari ya ce rana ta yi musu yawa, ya mai da su inuwa. Bayan kwana biyu ya tone ya ga ko saiwa ta fito. Kafin sati, biyu suka bushe, saura ɗaya.

"Malam, ko jinjiri ake tasa haka ba zai yi barci ba," in ji Barira. Ta kewaye reshen da ƙayar magarya, ta ce ya bi Ummaru Maraɗi ya ga uwar furen tun idon na gani.

Ya zauna gaban mota gefen Ummaru, ƙafarsa na taka burkin da babu. A Maraɗi ya tsaya nesa da katangar. Furanni dai bai rarrabe su ba, launin kawai ya gani, ya malale kamar an zubar da rini. Ya daɗe tsaye har mai gadi ya ce ya gusa.

Kwana huɗu ya yi. Da ya dawo, Barira ta kama yatsansa ta ɗora kan wani tsiro ƙanƙane a jikin reshen.

"Ya kama," ta ce. "To, sai ka zauna."

Ya ce to. Ya zauna har azahar. Da la'asar kuwa yana kan iyaka yana cigiyar mai zuwa Damagaram, wai an ce masa can akwai wani iri da ya fi wannan duhu.