Sarƙar Na'Allah Mai Warin Kitse

A zamanin mulkin soja, Na'Allah ne kaɗai mai moto, wato babur, a ƙauyensu, arewa da Filinge, kuma shi ke kai marasa lafiya likita. Wata shekara kumandan Filinge ya ba da umarni duk mai moto ya fito rakiyar wani babban soja da zai zo daga Yamai. Na'Allah ya ƙi fita. Bai manta bulalar da sojoji suka yi wa wansa Kailu a tsakiyar kasuwa ba, don kawai bai miƙe ba da motarsu ta wuce.

Ba a kama shi ba. Amma da ya je sayen baƙin mai wurin Magagi makanike, sai Magagi ya sunkuyar da kai ya ce, "An hana ni sayar maka. Tahi ka ba kumandan haƙuri, magana ta ƙare."

Na'Allah ya ce, "Ba ni zuwa."

Ɗan man da yake samowa a Baleyara ko inji bai isa ba, balle sarƙa. Yashin ƙasarsu ta Kurfai ya shiga cin ta, tana ƙugi tun daga nesa. Ya gwada man gyaɗa, ya tsiyaye kafin azahar. Ya shafa man kaɗe, rairayi ya manne kamar tuwo. Matarsa Tanne ce ta ce ya narka kitsen shanu da kakin zuma. Ta ba shi tsohuwar tukunyar miya, ta ce kada ta sake ganin ta a madafa. Ya wanke sarƙar da kananzir, ya dafa ta a ciki, ya rataye a reshen adua har ta sha iska.

Sarƙa ta yi shiru, sai dai wari. Karnuka suka riƙa bin sa, mutane na dariya, shi ko ko a jikinsa.

Ran nan ya ɗauko wata tsohuwa da maciji ya sara a gona. Dab da Filinge, sojan shinge ya tsayar da shi, ya toshe hanci ya ce, "Kai ne wanda aka hana wa mai? Mi ka zuba a nan?"

"Kitse na. Shanu ba su ji umarnin ba."

Sojan ya ɗaga gindin bindiga. Na'Allah bai kauce ba, bai kuma kashe moton ba. Tsohuwar ta yi nishi a bayansa, ƙafarta ta kumbura har gwiwa. Sojan ya daɗe yana duban ƙafar, sannan ya janye itacen shingen.

Akwai hanyar baya zuwa likita, wadda ta fi kusa. Na'Allah ya kai tsohuwar ta nan, ya jira har aka ce za ta tashi. Da zai koma gida kuwa, ta ƙofar ofishin kumandan ya bi, a hankali, zaune ƙyam.