Duna Yana Jan Gindi

Duna ya sake zama a kan simintin tsakar gida, ya ɗaga ƙafafun baya, ya ja gindinsa tun daga bakin famfo har ƙofar kicin. Sista ta ajiye bokitin wanki tana kallonsa. Kwana huɗu ke nan karen yana haka.

"Kin gani ko, Yaya?" in ji ƙanenta, bakaniken da garejinsa ke manne da katangar gidan. Ya ɗaga hannun da ya naɗe da tsumma. "Wutsiyarsa kawai na taɓa ɗazu, ya kawo mini cafka. Maganin tsutsa sau biyu na ba shi, a banza. Haukacewa zai yi. Na yi magana da wani, da yamma zai zo ya tafi da shi."

"Ya tafi da shi ina?"

"Inda ba a dawowa."

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya, shi ya sa har yau kowa a layin haka yake kiranta. Duna kuwa marigayi mijinta ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, shekara takwas yana gadin gidan da garejin, ko sifana ba a taɓa ɗauka ba.

Ta kwance tsumman ta duba hannun. Ƙarzane ne, haƙori bai shiga ba. Ta sa ya wanke da sabulu a bakin famfo.

"Watanni uku da suka wuce aka yi masa allurar rigakafin haukan kare, katin yana cikin durowata," ta ce. "Kuma a gabanka ya shanye ruwa kwano guda. Wannan ba hauka ba ne, ciwo ne. Riƙe mini kansa."

Ta ɗaure bakin karen da bandeji, ta sa safar hannu, ta ɗaga wutsiyar a hankali. Wani ƙarni ya taso kamar na ruɓaɓɓen kifi. A gefen hagu na duburar akwai kumburi kamar lemon tsami, ja wur, yana sheƙi. Ta taɓa, da zafi rau. Duna ya yi ƙara cikin maƙogwaro.

"Ƙurji ne, har ya nuna."

"To ki fasa mana!" in ji bakaniken. "Na mutane nawa kika fasa? Kayan aikinki suna nan cikin akwati."

Sista ta dubi kumburin. Hannunta har ƙaiƙayi yake yi, minti biyar ya ishe ta. Ta sake kallon inda kumburin yake, ta cire safar.

"A jikin mutum na san abin da ke ƙarƙashin fata. A nan ban sani ba. Ɗauko motarka."

"Yaya, jiya na wanke kujerun!"

"Shimfiɗa buhu."

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani, da benci a baranda inda wata mata ke rungume da mage. Likitar da ta karɓe su ba ta kai autar Sista shekaru ba. Bakaniken ya raɗa, "Wannan yarinyar ce likitan?" Sista ta taka masa ƙafa.

"Yana lasar wurin, Mama?" likitar ta tambaya bayan an ɗora Duna kan teburin ƙarfe.

"Ba ya hutawa."

"Kashinsa fa?"

"Tun makon jiya yake zawo. Wani ne ya ɗura masa ragowar abincin gareji."

Bakaniken ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Likitar ta yi wa karen allurar barci, tana aske gashin wurin tana bayani. Kowane kare yana da wasu ƴan jakunkuna biyu a gefen dubura, hagu da dama, masu tara ruwa mai ƙarni. Kashi mai tauri ne ke matse su idan zai fita. In ya yi ruwa na kwanaki, sai su toshe, su kumbura, ƙwayar cuta ta shiga.

"Jan gindi da lasa, tun nan ya kamata a kawo shi, matsewa kawai za mu yi. Amma da zarar an ga kumburi, ko jini, ko mugunya, ko ya ƙi a taɓa shi, ba a kwana. Da kun bari zuwa jibi, da ya fashe da kansa ya bar rami."

Likitar ta tsaga ƙurjin. Bakaniken ya toshe hanci ya yi waje da gudu, har ya yi karo da benci. Sista ko gezau. Ido ta zuba wa hannun likitar, yadda ta wanke ramin da sirinji sau uku, ba gaggawa, ba rawar hannu. Ba ta san lokacin da ta miƙa mata auduga ba, tun kafin a nema.

Likitar ta ɗago. "Mama, kin taɓa aikin asibiti ne?"

"Kaɗan."

"Na ga alama. Zai sha magani na mako guda, a sa masa robar wuya don kada ya lasa. Amma jakar daman ma ta cika, ba ta dai zama ƙurji ba. Zan matse ta yanzu yana barci."

Ta taga suka jiyo bakaniken yana waya. "A'a, kada ka zo. Na ce kada ka zo! Ai tun farko na gaya musu ba hauka ba ne."

Sista ta zaro sabuwar safa daga kwali, ta zura hannu, ta matso kusa da teburin.

"Likita," ta ce, "nuna mini inda zan sa yatsa."