An Tafi Baida Ban da Inna

Inna Tasallah ta ninke tsohon bargo ta ɗora turmi a kai, sannan ta fara dakan ƙuli-ƙuli. Haka take yi tun zuwanta Madina, don kada ƙarar taɓarya ta ratsa bango maƙwabta su soma tambayar wace ce baƙuwa a gidan Alhaji Abba. Yanzu babu wanda bai san ta ba a wannan lungu na Harra ta Gabas, wasu matan ma ita ta yi musu wankan jego, amma hannunta ya riga ya saba.

Tana cikin daka Sundus ta ajiye kan waya a falo ta leƙo kicin, fuskarta cike da fara'a.

"Inna, halas, magana ta tsaya. Yaya Abdussamad ne daga Yanbu. Shi da Yaya Tahir za su zo da iyalansu a hutun nan, ranar Alhamis mu tafi Baida gaba ɗaya mu wuni."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ya ce rabon da mu haɗu tun rasuwar Baba, kuma yana so a yi kafin bikina."

Inna ta jingine taɓarya. Baida a bakin mutane kawai ta san ta. Wani fili ne a arewacin gari, tsakanin duwatsu, inda iyalai ke zuwa lokacin sanyi su kafa tanti a gindin itatuwan ƙaya su gasa nama. Duk wadda ta je ta dawo sai ta ce wurin kamar dajin gida. Inna ta fi shekara ashirin ba ta ga daji ba. Iyakarta masallacin Annabi da na Ƙuba, su ma sai a tsakiyar ayarin mata.

"To ai wannan ƙuli-ƙulin ba zai isa ba," in ji ta. "Babba yana son tsirensa da yaji sosai, Tahir kuwa cikinsa ba ya ɗauka. Kashi biyu zan yi. Auta, akwai sanyi can?"

"Akwai, Inna."

"Sai ki ciro mini rigar sanyin nan da ke ƙasan akwati, ta sha iska."

Babba take ce wa Abdussamad. Ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda uwa ke yi wa ɗan fari kara, duk da ba ita ta haife shi ba. Yayarta Mariama ce ta haife su su uku. Daga Tasawa aka kawo Mariama aure gidan Alhaji Abba, wanda kakansa ya zo aikin haji da ƙafa bai koma ba, shi kuwa aka haife shi ɗan ƙasa da takardunsa. Da cikin Sundus ya zo wa Mariama da wuya, ta aika ƙanwarta ta zo ta taya ta zama. Lokacin auren Tasallah ya mutu, ba ta da ɗa, sai ta taho da bizar umra da niyyar komawa bayan arba'in. Mariama ta rasu kafin suna. Bizar ta ƙare Tasallah na goye da jaririya, yara maza biyu na riƙe da zanenta. Alhaji Abba ya yi ta cewa za a gyara mata igama, wato takardar izinin zama, bana, baɗi, idan an samu hanya, har shi ma ƙasa ta rufe masa ido.

* * *

Ranar Laraba gidan ya cika. Takalman yara suka toshe bakin ƙofa, ƙamshin turaren matan 'yan'uwan ya gauraye da na gyaɗa. Inna tana yi wa jikoki Hausa suna ba ta amsa da Larabci, ita dai dariya take yi tana cusa musu dabino a hannu. Ta yanka nama falle-falle, ta jera shi a tsinke, ta dama kunun gyaɗa na safe, ta soya cincin cike da bokiti. Rigar sanyinta na rataye a igiya, shuɗiya, da layin ninki a tsakiya saboda daɗewa a akwati.

Bayan la'asar Abdussamad ya shigo kicin. Bai saba shigowa ba. Ya tsaya a tsaye cikin farar jallabiyarsa, yana kallon tsinkayen nama.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa, Babba. Ɗanɗana yajin nan ka ji ko ya yi."

Ya lakata ya kai baki, ya ce ya yi. Sannan ya gyara murya.

"Inna, akwai 'yar mushkila. Tahir ya ce yanzu ana tsare hanyar fita gari, ana duba takardu. An tsananta bana, kin dai ji yadda ake kwashe mutane. Duk wanda aka samu da marar igama a motarsa, tara ce da ɗauri, aikinsa ma yana iya tafiya."

Inna ta ci gaba da barbaɗa yaji. Hannunta bai tsaya ba.

"Ai ba sa buɗe fuskar mata," in ji ta a hankali. "Idan na zauna a baya cikin yara..."

"Wani lokaci sukan nemi katin iyali, su ƙirga. Babu sunanki a ciki, Inna."

Sundus da ke wanke kofuna ta juyo, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

"Yaya, to a fasa. Mu shimfiɗa tabarmi a saman bene mu ci a nan."

"An riga an gaya wa yara. Kuma akwai maganar da za mu yi, mu uku, a can zai fi."

"Wace magana ce ba za a yi a gida ba?"

"Auta," in ji Inna, "ba a yi wa babba haka. Ku tafi. Ni da ma gwiwata ba ta son zaman mota."

Abdussamad ya ce, "Tayyib, shi ke nan," ya fita da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Da ta ga babu kowa a tsakar gida, Inna ta sauke rigar daga igiya ta mayar da ita akwati.

* * *

Da sassafe ta taya su loda kaya: tukwane, gawayi, darduma, tulun shayi. Ta nuna wa Nadiya, matar Abdussamad, tsiren da ba shi da yaji, ta ɗaura masa jan zare don kada a rikita. Motoci biyu suka fice daga lungun, ta tsaya daga cikin ƙofa tana ɗaga hannu, don ko a ranar ba ta taka waje ba.

Gidan ya yi tsit. Ta share falo, ta tattara ƙwallayen dabino da yara suka watsar, ta wanke turmi. Da azahar ta zuba sauran kunu a kofi, ta kasa sha. Ta zauna a bakin taga tana kallon baƙaƙen duwatsun da aka gina katangar maƙwabta da su, tana ƙiyasta abin da ake yi a can. Yanzu an hura wuta. Yanzu Tahir ya fara ƙona tsiren farko, don bai taɓa iya jira ba. Ta tuna shekarar da ƙyanda ta kama shi, ta kwana bakwai a zaune da shi a cinya. Ta tuna ranar da Babba ya gama makaranta, aka gayyaci iyaye, ta guga masa kaya ta tsaya a bayan wannan tagar har ya ɓace mata. Ba ta taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin rashi ba. Tana ganin haka zaman yake, kuma yaran sun sani.

Gab da magariba suka dawo, yara sun yi barci a kafaɗun iyayensu, kowa yana warin hayaƙi. Nadiya ta ce tsire ya yi daɗi, ko tsinke ɗaya bai rage ba. Sundus ta wuce ɗaki, idanunta sun kumbura.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a, maza biyun suka kira Inna falo. Suka zauna a ƙasa a gabanta kamar yadda suke yi suna yara. Abdussamad ne ya yi magana, Tahir yana wasa da makullin mota.

Ya ce bayan bikin Sundus gidan zai zama babu kowa, sun yanke shawarar sayar da shi. Ya ce shi a gidajen ma'aikata yake zaune a Yanbu, mai gadi na rubuta duk wanda ya shiga. Tahir kuwa ɗaki biyu gare shi a Riyad, kuma surukarsa na tare da su. Mijin da Sundus za ta aura an tura shi Tabuka, hanya ce mai nisa mai yawan bincike.

"Mun ga abin da ya fi, Inna, ki koma gida cikin mutunci. Wanda ya kai kansa tarhil, ofishin mayar da baƙi ƙasarsu, ba a wahalar da shi, jirgi za a sa ki. Ya fi a ce wata rana an kama ki a titi. Za mu riƙa yi miki aike, wallahi ba za ki nemi komai ki rasa ba."

"Gida," in ji Inna.

"Tasawa."

Ta dube shi. Iyayenta sun rasu tana nan, ba ta ga gawarsu ba. Gidansu an raba, ƙanen da ya rage mata ya tafi Agadas tun da daɗewa, labarinsa ya yanke. Duk Babba ya san wannan, shi yake karanta mata saƙon mutuwar idan ya zo.

"Tahir, kai ma haka ka gani?"

Tahir bai ɗago ba. "Inna, ƙasar ce ta canza. Ba yadda za mu yi."

Ta gyaɗa kai. Ta tambaye su ko a zubo abinci yanzu ko sai sun huta.

* * *

Da maza suka koma garuruwansu, Sundus ta zo ta kwantar da kai a cinyar Inna, tana kuka har zanen ya jiƙe.

"Na gaya musu a can, na ce ba zan yi auren ba. In zauna da ke a nan, albashina ya ishe mu. Ko haya ce mu kama."

"Da sunan wa za ki kama hayar, ke mace ba aure? Yayyenki za su sa miki hannu?"

Sundus ta ƙara cusa fuska cikin zanen.

"Ki saurare ni, Auta. Yaron nan mutumin kirki ne, na ga yadda yake gaishe ni yana durƙusawa. Idan kika fasa saboda ni, kullum na dube ki sai na ji kamar na ci amanar Mariama. Ni na yi abin da ya kawo ni."

"Kwana arba'in ya kawo ki, Inna."

"To ai kin ga na ƙara."

Ta ci gaba da shafa kan Sundus, tana warware mata kitson da ya tsufa, don hannunta ya samu abin yi.

Ita ta yi wa amarya lalle. Ita ta dafa abincin biki, ta tsaya a kan tukwane tun safe. Da dangin ango suka zo, wata dattijuwa ta tambayi Nadiya wace ce wannan mai ƙoƙari haka, Nadiya ta ce, "Tana taimaka mana ne tun da daɗewa." Inna ta ji. Ta ɗauki tire ta koma kicin.

* * *

Mako biyu bayan biki Abdussamad ya zo da mota. Sundus ta dage sai da mijinta ya bar ta ta jira wannan rana. Akwati ɗaya ne kayan Inna, sai jarkar zamzam da maƙwabta suka kawo mata. Matan lungu suka tsaya a ƙofofinsu suna share hawaye da bakin mayafi, babu mai ɗaga murya.

Da Inna ta shiga gidan baya, Sundus ta dubi yayanta.

"Yau babu masu bincike a hanya?"

Ya tayar da mota.

Inna ta manna goshi a gilashi. Garin ya girma ba ta sani ba: manyan otal-otal, tituna masu hawa kan juna, shaguna da ba ta san me ake sayarwa a ciki ba. Da koriyar ƙubbar masallacin Annabi ta bayyana daga nesa tsakanin gine-gine, ta yi salati a ranta, ta bi ta da kallo har wani bene ya tare.

Abdussamad ya tsaya a tsallaken titi, nesa kaɗan da ƙofar ofishin tarhil. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Inna, daga nan sai dai ki ƙarasa da kanki. Idan suka tambayi inda kika zauna, ko wanda ya ajiye ki..."

"Na sani, Babba."

"Ki yafe mana."

"Allah ya yi muku albarka. Ka riƙa shan maganin hawan jininka."

Sundus ta riƙe mata hannu ta ƙi saki, sai da Inna ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora akwati a ka, abin da rabonta da yi tun tana Tasawa, ta ɗauki jarka ta tsallaka titi.

A bakin ƙofa akwai layin mata, wasu da goyo, wasu da ƙullin kaya a zane. Da aka zo kanta, jami'in da ke zaune a bayan tebur ya tambaye ta suna da ƙasa, wani tafinta yana mayar mata da Hausa.

"Ya ce shekara nawa kika yi a nan?"

"Da yawa."

"A gidan wa? Wa kike da shi a garin nan?"

Inna ta waiwaya. Motar tana nan a tsallake. Ta hango farar jallabiya a gaba, da baƙar abaya a manne da gilashin baya.

"Ba ni da kowa," in ji ta.

Jami'in ya rubuta bai ɗago kai ba, ya nuna mata benci da bakin alƙalami. Kafin ta zauna ta sake dubawa. Fitilar gefen motar ta fara ƙiftawa, tana jiran a ba ta hanya ta shiga titi.