Igiyar Usta Dursun

Usta Dursun, babban magini, ya buga ƙusa ta ƙarshe a azarar tsakiya, ya kafa tuta a ƙololuwar rufin, sannan ya ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Feride na tsaye a ƙasa tana kallon igiyar nan tana lilo a iska, ko ƙyalle babu a kan igiyar.

Al'adar ƙauyensu ce, can cikin duwatsun Erzurum. Ranar da aka ɗora wa gini rufi, maƙwabta kan kawo wa babban magini tawul ko riga ko yadi, shi kuma ya rataya a igiya, ya shelanta sunan mai kyautar da iyakar muryarsa. In igiya ta cika, gari ya karɓi ginin ke nan. In ta wuni tsirara kuwa, ba sai an yi wa mai gini fassara ba.

Feride ta karanto zanen gine-gine a Istanbul, ta dawo gida da burin gina gidan tarihi na saƙar matan ƙauyen. Da duwatsun rafi ta yi shi, da yumɓu, ta kuma dage sai an yi masa rufin tsattsewa irin na kakanni, wanda ake gitta azara hawa bisa hawa har su tsuke, a bar kafar haske a tsakiya. Nan ne ta taɓo wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a masana'antun Jamus don kawai su rabu da ɗakin ƙasa su yi na siminti, su ne za a ce wa ƙasa abin alfahari ce? A teburin mai shayi cewa ake yi, 'yar Hanife ta je birni ta koyo yadda ake gina garken tumaki.

Gorin bai dame ta ba kamar akwatunan mata. Gida-gida ta bi tana roƙon a ba ta aron tsofaffin mayafan ulu da dardumai da ke ƙunshe a akwatunan aure. Ko'ina aka ba ta shayi, aka yaba hankalinta, aka rako ta bakin ƙofa hannu rabbana. Ga shi hukumar gunduma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: in kaka ta yi babu abin nunawa, za a mayar da ginin ma'ajiyar takin zamani.

Rana ta take, ba wanda ya leƙo sai direban babbar motar da ke kawo musu dutse. Ya miƙa riga sabuwa a leda, Usta ya rataya, ya yi masa shela sama-sama. Matan gari kuwa suna kan barandarsu suna tsintar wake, idanunsu duk a nan, kowacce na nuna ba ta san ana yi ba.

Sai ga mahaifiyarta Hanife ta ɓullo da ƙunshi a hammata, fuskar nan a murtuke. Ita ma fa ba son ginin take yi ba. Tun da aka haƙa harsashi take cewa an ja mata abin magana.

"Inna, me kika ɗauko haka?" in ji Feride.

"Matsa min. Ba don garken naki na zo ba. Ba dai a ce igiyar 'yata ta kwana tsirara ina da rai ba."

Ta kwance ƙunshin. Mayafin aurenta ne na ulu, mai launin ƙasa, da ɗigon furanni saƙar hannu, wanda Feride ta yi ta roƙo aka hana ta. Usta Dursun ya jawo shi sama da ƙugiya, ya baza shi a igiya, ya gyara murya. Dattijon nan in yana shela har tumakin tsallaken rafi sai sun ɗaga kai.

"Jama'a ku ji! Hanife matar marigayi Sabri ta kawo mayafi! Saƙar hannunta, zare kamar gashin jariri! Shekaruna a kan rufi ban taɓa rataya irinsa a garin nan ba, ban kuma sa ran zan ƙara ba! Allah ya albarkaci hannun!"

A barandar da ke kallon ginin, wata ta ajiye tasar wake. Gwaggo Makbule ce, wadda tun suna 'yammata ba ta taɓa yarda Hanife ta fi ta iya zare ba. Ta shige ɗaki. Jim kaɗan sai ga ta tana tafe tana haki, da darduma ja a kafaɗa.

"Kai Dursun, ashe tsufa ya taɓa maka ido?" ta ce. "Wannan tsumman ne ba ka taɓa ganin irinsa ba? Karɓi nan ka ga saƙa. Kuma ka faɗi sunan da kyau, har da na uwata, ita ta rina zaren."

Ya faɗa, har da ƙari. Daga nan kuma sai abu ya ɓalle. Wadda duk ta ji an kira sunan maƙwabciyarta sai ta ji zama ya gagare ta. Akwatunan da aka ce mabuɗinsu ya ɓata suka buɗe da kansu. Aka fito da mayafai, da safunan ulu masu ado, da jakar sirdi, da majanyin goyo. Igiya ta lanƙwashe, aka ƙara wata. Maza suka baro teburin mai shayi wai sun zo ganin ko azara za ta karye.

Zafin rana ya kora matan cikin ginin, su da suka rantse ba za su taka shi ba. Suna shiga surutu ya ragu. Sanyi ya ratsa su, haske na saukowa daga kafar rufin yana faɗuwa tsakiyar ɗaki, ga ƙamshin sabuwar ƙasa. Wata tsohuwa ta shafa bango ta ce haka ɗakin kakarta yake, a nan ma tanderu yake zama. Ba wadda ta yaba da baki, amma ba wadda ta yi saurin fita.

Daɗi ya cika Feride har ta rasa inda za ta sa kanta. Tana cikin goge ido sai wani tunani ya zo mata, murnar ta koma ciki. Duk abin da ya hau igiya ranar rufi, na magini ne. Halak malak. Ba a taɓa jin an karɓe ba, kuma ba ita za ta fara ba.

Usta Dursun ya sauko a hankali, ya karɓi kofin shayi, ya jefa ƙwayar sukari a baki, ya yi ta kurɓa yana kallon dukiyarsa tana kaɗawa a sama. Ya san sarai abin da ke cin ta, ya kuma ƙyale ta ta ɗan dahu.

"'Yata, kin ga kayan nan duk nawa ne, gari ya shaida," ya ce.

"Naka ne, Baba."

"To ga matsala. Gidana ɗaki biyu ne, kuma matata ta ce in na shigo mata da ulu, ni da shi za mu kwana waje. Ko kin san inda mutum zai ajiye kayansa, inda ba danshi ba asu?"

Feride ta dube shi.

"Akwai wani gini," ta ce. "Sai dai ba a gama daɓe rufinsa ba."

"To ki matsa wa maginin, na ji an ce malalaci ne."

Daga cikin ɗakin muryar Gwaggo Makbule ta taso, tana shaida wa Hanife cewa dardumarta ce za a rataya daidai inda hasken yake sauka, wanda bai yarda ba ya kai ƙara. Hanife ta ce sai dai in bayan ranta. Feride ta zaro tef ɗin awonta daga aljihu, ta shiga raba musu bango.