Wadda Za Ta Tatsi Wule

Wule, saniyar maƙwabtana, ta sake harbin ƙwaryar, karo na uku a safiyar. 'Yar madarar da ba ta kai ludayi biyu ba ta bi ƙasa, Murjanatu kuma ta faɗi zaune cikin taɓo. Ina tsaye a bayan gajeriyar katangar da ta raba gidajenmu, na yi shirin tafiya makaranta.

"Tashi, ƙawata," in ji kakarta, Inna Hadijatu, daga bakin ƙofar ɗaki, tana ƙudundune cikin bargo. "Gaggawarki ta harba, ba ke ba."

Gidansu yana can bayan Farin Gada, inda gine-gine suke ƙarewa duwatsu su fara. Dukiyarsu saniya ɗaya ce da ɗan maraƙinta, da kaji, da lambun kabeji da karas. Kashin Wule ne takin lambun, ganyen lambun kuma shi ne rabin abincin Wule. Ɗan Inna, Datti, lodin kayan gwari yake yi tun da gobarar kasuwar Taminus ta cinye masa shago shekara uku baya. Matarsa kuwa 'yar cikin gari ce, ko akuya ta doso ta sai ta kauce. Abin da gidan ya rasa shi ne hannun da zai taɓa hantsar Wule, domin shekara bakwai hannun Inna kaɗai ta sani. Ga Inna yanzu asibiti sun sallamo ta, sun ce a je gida a ci gaba da kula da ita. Duk mun fahimci abin da suke nufi.

Datti ya ɗaga 'yarsa yana kakkaɓe mata zane. Shekararta goma sha ɗaya, tana ajina na biyar.

"Inna, Juma'ar sama zan kai saniyar nan kara. Gobe in ta karya wa yarinyar nan haƙarƙari fa?"

Inna ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ni ta duba.

"Malama, gaya wa maƙwabcinki na ji. In ta tsaya wa yarinya kafin Juma'ar, ta zauna. In ba ta tsaya ba, ni zan miƙa masa igiya."

Ni ce na kawo dabarar zane. Na ce tunda dabba da hanci take gane mutum, a ɗaura wa Murjanatu tsohon zanen Inna na tatsa. Washegari aka gwada. Wule ta sunsuna, ta yi tsit, madara ta kai rabin ƙwarya. Ina murna, ina jiran yabo.

"Malama, kin iya dabara," in ji Inna. "To ranar da aka wanke zanen fa? Cire shi, ƙawata. Ba za ki fara zama da ita da ƙarya ba."

Daga ranar ta hana taɓa ƙwarya. Aka bar wa maraƙi nonon uwarsa duka. Aikin Murjanatu shi ne ta zago ta gaban Wule, kada ta ɓullo mata ta baya. Ta yanko mata ganyen kabeji, ta dama dusa da kanwa, ta cire mata kaska a bayan kunne, ta kwashe kashi ta kai lambu. Kuma duk abin da take yi ta riƙa yi mata magana.

"Me zan ce mata, Inna?"

"Abin da kike ce wa ƙawayenki a hanyar makaranta. Ai bakinki ba ya hutawa."

Maman Ifeanyi mai shagon bakin titi, wadda ke sayen madara kullum, ta zo da jug ɗinta sau uku tana komawa haka nan.

"Mama, wannan saniya ya shiga yajin aiki ne?"

"Makaranta aka sa su, ita da mai ita," in ji Inna. "Ki dawo Juma'a."

Kwanaki suna tafiya, jikin Inna yana raguwa. Ranar Litinin ta daina fitowa ƙofa, aka matsa da gadonta gindin tagar da ke duban turke. Ranar Laraba ta ce a ɗauko ƙwarya. Murjanatu ta saki maraƙi ya ɗan tsotsa, ta janye shi ta ɗaure, ta sa wa uwar dabaibayi, ta tsuguna. Wule ta fara takawa da ƙafar baya. Sai muryar Inna ta fito ta taga, ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan Wule. Saniyar ta tsaya cak har ƙwarya ta kusa cika.

Datti ya girgiza kai. "Muryar Inna take bi, Malama."

Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis da safe muryar ba ta ƙara kaiwa taga. Murjanatu ta ƙi zuwa makaranta, ni ma ban matsa mata ba. Da na dawo da azahar na shiga na tarar tana riƙe da hannun kakarta. Inna ta matsa yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ƙarfinsu.

"Kin bar wa maraƙi nasa jiya?"

"Na bar masa, Inna."

"To. Gobe kada ki dubi taga."

Ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada. Kafin la'asar Inna ta cika, kafin magariba aka kai ta makwancinta.

Juma'a ta waye da yayyafi da sanyi. Mata 'yan zaman makoki sun cika rumfar tsakar gida. Wule ta fara kuka tun da gari ya yi haske, hantsarta ta cika tam. Wata daga cikin dangi ta ce a saki maraƙin kawai, yau ba ranar tatsa ba ce. Datti yana tsaye jikin ƙofar zaure, idonsa ja.

Murjanatu ta fito da ƙwarya, da zanenta na gida. Ta zago ta gaban saniyar. Wule ta juya kai wajen tagar, ta yi wani dogon kuka, ta saurara. Yarinyar ta ajiye ƙwarya, ta kama kunnen saniyar tana sosawa, tana yi mata magana. Ban ji abin da take faɗa ba, amma ta daɗe, ba ta kuma waiwayi tagar ba ko sau ɗaya. Sannan ta saki maraƙi, ta janye shi, ta sa dabaibayi, ta tsuguna ta jingina goshinta da cikin Wule.

Ƙafar baya ta ɗaga. Na riƙe katanga. Ƙafar ta yi jim a sama, sannan ta sauka a hankali inda take.

Muka ji madara tana dukan gindin ƙwarya, tsar, tsar, har ƙarar ta dushe cikin kumfa. Datti ya tako cikin yayyafin, ya karɓi igiyar maraƙin da ke ta fizga, ya riƙe mata har ta gama.

"Dusa ta kusa ƙarewa ko?" ya tambaye ta.

"Saura ta kwana biyu, Baba."

"Zan taho da ita in na dawo daga masallaci."

Ta miƙe da ƙwarya cike, tana tafiya a hankali don kada ta zube, matan rumfa suna janye ƙafafunsu suna ba ta hanya. A bayanta Wule ta ƙara yin gajeren kuka. Murjanatu ta tsaya, ta amsa mata da "Ina zuwa." Ta gane cewa daga yau, idan Wule ta yi kuka da safe, ita take kira.