Inci Biyu

Shekara ashirin da uku Yaya ta yi tana ɗinki a shago ɗaya, kuma ba ta taɓa rubuta awon kowa a takarda ba. Mace ta shigo sau ɗaya, Yaya ta zagaye ta da tsohon tef ɗin da ta gada a wurin Innarsu, shi ke nan kafaɗarta da ƙugunta sun zauna daram a kan Yaya. Abin da take taƙama da shi ke nan, kuma shi ne abin da ke ci wa ƙanwarta Auta rai.

Auta ta shigo shagon ne bayan ta yi kwas na wata uku a kan bunƙasa sana'a, ta dawo da jaka cike da takardu da baki cike da shawara. Maganar gaskiya, wasu shawarwarin sun yi rana. Ita ta sa aka kafa allo a bakin titi, ita ta fara ɗaukar hoton riguna tana turawa ta waya, ita ta kafa doka cewa ranar da aka yi wa mutum alkawari, ranar zai karɓi ɗinkinsa. Mata suka ƙaru. Yaya ba ta gode ba, don ita dai ba ta ga yadda za ta gode wa yarinyar da ta goya ba.

Sai maganar littafi ta taso.

"Yaya, shagon nan ba zai girma ba muddin komai yana cikin kanki. Mu ɗauki teloli biyu, mu rubuta awon kowa. In kin kwanta ciwo fa?"

"Fatan da kike min ke nan?"

"Ni gaskiya nake faɗa miki."

"To riƙe abarki. Je ki sa wa rigar can maɓalli."

Wata biyu suna wannan, har suka daina gaisawa da safe. Ana nan sai mai gyaran takalmin da ke zama a gefen shagon ya yi suɓul da baka: ai ya ga Auta da mai ginin tsallaken titi, ta kama shagon da ke kallon na Yaya, kekunan ɗinki uku ma suna hanya. Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe ba don shagonsu ake son littafin ba. Matan da ta tara shekara ashirin da uku ake so a kwashe a tsallaka titi da su.

Washegari ta ce, "Kawo littafin naki."

Auta ta zauna da biro, har tana murmushi. Yaya ta shiga zubo awo: matar likita, malamar makaranta, mai shagon magani da 'ya'yanta uku, mata ɗari da wani abu, ba ta yi ƙarya ko a lamba ɗaya ba. Abu ɗaya kawai ta bari a cikinta. Tef ɗin Inna ba shi da kai, inci biyun farko sun daɗe da guntulewa, saboda haka duk awon da ke kanta ya ɗara na gaskiya da inci biyu. Ita hannunta ya san yadda yake ragewa in ta zo yanka. Sau biyu maganar tana zuwa mata har baki, sau biyu tana haɗiye ta.

Ba a yi sati ba Auta ta tsallaka. Sabon fenti, madubi har ƙasa, teloli uku da sababbin tef a wuya, da sanarwa cewa tsofaffin kwastomomi ba sai sun zo awo ba, su aiko da yadi kawai. Yadi kuwa ya yi ta zuwa. Yaya tana zaune a kan kekenta ba aikin yi, tana kallon matar likita ta shige can da kayan bikin 'yarta, ko waiwaye babu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ranar karɓar ɗinki, tun daga tsallaken titi ake jin hayaniya. Kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe yatsu, ƙugu kamar an ɗinka wa mutum biyu. Matar likita ta fito tana cewa buhu aka sa mata, kuma yadin nan ba a samun irinsa.

Da rana tsaka Auta ta shigo da riguna a rungume, ta zube su a kan teburin yanka.

"Ƙarya kika ba ni."

"Ban ba ki ƙarya ba."

Yaya ta zare tef ɗin wuyan Auta, ta shimfiɗa shi, ta jera na Inna a gefensa. Auta ta daɗe tana kallon wurin da aka guntule.

"Kin sani kika yi shiru."

"Na sani. Ke da kika kama shago, kin faɗa min?"

"Wane mahaukaci ne zai yi shekara ashirin yana awo da guntun tef?"

"Tambayi wadda ta guntule shi. Kina shekara huɗu kika samu almakashin Inna. Na ce ni ce, aka zane ni, kina laɓe a bayan ƙofa."

Auta ta kwashe rigunanta ta fita, ta bar tef ɗinta a kan teburin.

Kafin wata ya ƙare an cire allon tsallaken titi, an ɗora kekuna a mota. Mata suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da bakinta, suna zagin Auta don su faranta wa Yaya rai, ita kuma tana jin haushin duk wadda ta zage ta. Shago ya cika kamar da. Babu mai ɗaukar hoto, babu mai tuna mata ranar alkawari.

Awon Auta yana nan a kan Yaya, kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu. Rannan wani yadi mai kyau ya rage, Yaya ta yanka ta ɗinka riga daidai jikinta, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Har yau ba a zo karɓa ba.